Takalman Riɗi a Ƙofar Masallaci

Ni da kaina na kai Hajiya asibiti aka cire mata yanar ido, kuma abin da ta fara gani tangaran da sababbin idanun nan shi ne ya kusa raba ta da gidana.

Aikina a Dubai kargo ne. A wani ɗan ofis nake a Al Sabkha, muna karɓar kayan 'yan kasuwar Kano, mu ɗaure, mu rubuta suna a jikin kwali, mu raka su tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a zuba a kwantena. In an tashi, abokan aikina wasu su tafi kallon ƙwallo, wasu majalisar shayi. Ni kuwa gida nake nufa da sauri, saboda jirgin ƙasa yana jirana a falo.

Wata rana ce na shiga wani kanti neman batir, sai na ga ɗan jirgi yana zagaye a kan tebur, tarago bai fi tsawon yatsana ba, ga fitila a goshinsa. Wallahi baki buɗe na tsaya, da furfurata da komai, har mai kantin ya ce in matsa yara su gani. A kwatas ɗin reluwe na tashi, a wata ƙaramar tasha kan layin Kano zuwa Nguru, kuma rabona da jin ƙarar jirgi irin ta gida na manta. Ranar ban sayi batir ɗin ba.

Tsohon ƙyauren ƙofa na samu, na ɗora kan kwalaye a falon gidanmu na Al Rigga, na shimfiɗa layin dogo. Taragun da ake sayarwa duk na Turawa ne, sai ƙyalli suke. Na sake musu fenti kore da ruwan ɗorawa, na bi su da tsatsa da ɗan burushi, na loɓa gefen wani da zafin cokali. Ofishin tasha da kwali na gina shi, na yi masa rufin kwano da ledar ƙwayar magani. Na daka jan bulo na tankaɗe ya zama ƙasa. Soson wanka ya zama bishiyar maina, har da ɗan masallacin tasha mai ƙofa ɗaya. Matata takan tsaya a kaina ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin wanda zai sayo abu sabo fil ya zauna yana tsufar da shi ba."

Amma abin alfaharina mutanen ne. A leda ake sayar da su, Turawa masu kwat da jakar hannu, kowane bai kai farce ba. Na zauna na musuluntar da su ɗaya bayan ɗaya. Na jiƙa takardar goge hannu da gam na yi musu babbar riga, na naɗa wa wasu rawani da zare, matan na yafa musu gyale. Wani Bature mai lema ya koma mai tsire. Ranar da na gama cika tashar, rawa na taka a falo ni kaɗai.

To a haka Hajiya, mahaifiyata, ta sauka. Kafin aikin ido abu duhu-duhu take gani, har ta shafa gefen ƙyauren ta ce teburin cin abincinmu ya cika tarkace. Ni ɗan fari ne, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Matata ce wayar da ke tsakaninmu.

Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida, ta zauna tana kallon komai tana hamdala, labule, agogo, fuskar jikokinta a hoton waya. Sai ta sunkuya kan tashar. Ta daɗe a sunkuye.

"Ke, waɗannan mene ne?"

"Mutanen tasha ne, Hajiya," in ji matata, tana satar kallona.

"Innalillahi! Gumaka? Ashe duk kwanakin nan kusa da gumaka nake sallah, ku kuna kallona? Ki faɗa wa mijinki mala'iku ba sa shiga gida irin wannan."

Na ce ai 'yan mitsi-mitsi ne, ko ido ba su da shi sosai. Ta ce wa matata ta tambaye ni ko ƙaramar kunama ba ta harbi. La'asar na yi ta ɗauki dardumarta, ta buɗe ƙofa, ta shimfiɗa a waje dab da lifta, ta tada kabbara.

Haka aka shiga yi kullum. Maƙwabciyarmu 'yar Filifin takan cire takalmi ta raɓa ta bayanta a hankali. Mai gadin benen, wani dattijo ɗan Pakistan, ya tare ni ya ce, "Habibi, mama fi mushkila?" wato ko wata matsala ce ta sami mama. Kunya kamar in nutse. Na rufe tashar da zanin gado, Hajiya ta ce rufewa ba fitarwa ba ce, ai suna nan a ƙasa suna saurare. Sannan ta kira ƙanwata da ke aure a Sharja, kuma Hajiya in tana waya har na ƙasan bene yana ji. "Ranar Juma'a ki turo mijinki ya ɗauke ni."

A ce uwata ta zo Dubai, ta bar gidan ɗanta na fari ta koma gidan suruki? Kafin ta kai Sharja labarin ya kai Kantin Kwari. Ban da ma surutun mutane, shekara da shekaru nake roƙonta ta zo ta zauna da ni, sai da ido ya matsa mata ta yarda. Ba na so ta tafi ko kaɗan, amma kuma mutanena!

Na kai kuka wurin abokin aikina, wani mutumin Damagaram da ba ya rasa amsa. Ya ajiye kofin shayi ya ce, "Mon frère, wannan ai da sauƙi. Mun ji a wurin karatu, in an cire wa mutum-mutumi kai shi ke nan, ya zama kamar itace. Khalas."

Na ga kamar an yi mini gafara. Na dawo gida na ɗauki reza, na bi su ɗaya ɗaya ina ba su haƙuri. Kawunan na tara a gwangwanin madara, don ban iya zubarwa ba. Da na gama na yaye zanin gadon, na ce wa matata ta kira Hajiya ta ga gyara.

Ni kaina sai a lokacin na kalli abin da kyau. Tasha cike da jama'a, kowa da babbar rigarsa, wani yana ɗaga hannu, wata tana riƙe da yaro, ba mai kai ko ɗaya. Mai tsire yana tsaye da wuƙarsa a tsakiyarsu.

Hajiya ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ya yanka su! Ke, mijin nan naki lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Matata ta ruga kicin, ina jin ta tana dariya har da buga tukunya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni. Na tsince su kaf, na zuba a leda da gwangwanin kawunan, washegari na kai ofis na jefa a durowa.

Hajiya ta dawo da dardumarta cikin gida, amma ba ta kwance jakar da ta ɗaure don tafiya Sharja ba. Laifina ne kuma, don na kasa ɓoye haushina. In kunna jirgin ya yi ta zagaye tashar da ba kowa, in zauna in zuba tagumi, a kawo abinci in ce na ƙoshi. Ta ce wa matata, "Ki faɗa masa ni ba zan zauna inda ake kumbura mini fuska saboda 'yar tsana ba. Juma'a tana nan."

Ana saura kwana kaɗan, aiki ya riƙe ni na makara sallar azahar. Na fito da gudu na shiga lungun masallacin da ke bayan ofishinmu, sai na tsaya cak. Lungun da kullum sai ka yi ture kafin ka wuce, ba kowa. Ga amalanken 'yan dako an jingine da kaya a kai, ga shayi rabin kofi a kan dakali, shago a buɗe an gitta tsintsiya a ƙofa. A bakin masallaci kuwa takalma ne tuli, wani kan wani. Ban ga mutum ko ɗaya ba, amma lungun cike yake da mutane. Na fashe da dariya ni kaɗai. Allah ya yafe mini, sallar nan rabinta lissafin takalmi na yi.

Na ce wa na Damagaram ya riƙe ofis, na faɗa jirgin metro, ina ji kamar in sauka in tura shi. Tun a hanya nake tunanin abin da zai yi daidai da ƙafar mutumin da bai kai farce ba. Ina shiga kicin na ga amsar a cikin robar tsarabar Hajiya. Riɗi! Ga faɗi ta gaba, ga tsini ta dunduniya, silifa sak.

Na zauna da hantsaki da madubin ƙara girma, ina shafa wa kowace ƙwaya fenti, shuɗi, ja, baƙi, in ja mata ɗan layi a sama a matsayin igiya. In na yi numfashi da ƙarfi takalma goma su tashi sama. Na jera su reras a ƙofar ɗan masallacin, na yi buta da kan ashana, na jingine keke a jikin maina.

Hajiya tana kan kujera tana jan carbi, amma ido yana kaina. "Ki tambaye shi me yake yi da riɗina."

Na ce, "Hajiya, mutanen suna nan. Sun shiga sallah ne duka."

Ta sa tabaranta, ta jawo kujerar. Sai ta yi tsaki, kuma wannan karon ba ta bi ta kan matata ba. "To wa ya ce maka haka ake ajiye takalmi? Kanti ne? Ba ni tsinken nan."

Ta hargitsa su, wannan ya hau wancan, wani ya kife. Daga nan fa aiki ya koma hannunta, ni na zama ɗan aike. Mai shayin tashar ƙafa ɗaya ja ɗaya shuɗi yake sawa, a gyara. Akwai gurgu mai gyaran agogo, takalmi ɗaya da sanda. Shugaban tasha ba ya yarda da kowa, a kan taga yake ɗora nasa, kuma sau-ciki ne, a nemo ƙwayar da ta fi ƙiba. Na ce matan fa? Ta ce mata ba sa shiga nan, gidan matar shugaban tasha suke zuwa, in yi musu farantan talla a gindin bishiya in rufe da faifai, na dafaffen ƙwai daban, na rogo daban. Ta tuna wadda ke ha'inci a mudun gyaɗa, ta ce a yi nata farantin ƙarami. Muka yi ta dariya har matata ta leƙo ta ce ko a kawo mana abincin nan ne, tunda mun ƙaura tasha.

Duk da haka jakar tana nan a bakin ƙofa, ni kuma na kasa tambaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mijin ƙanwata ya iso da makullin mota a hannu. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya ce in ta shirya su kama hanya kafin cunkoso. Don in ja lokaci na ce ya zo ya ga jirgi, na ɗora kan jirgin a layi, na haɗa masa taragu a gaban ofishin tasha.

Hajiya ta ce, "Dakata. Akwai wanda babu."

Na san wanda take nufi, don ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, shi ne mai ba jirgi hannu a tashar, da koriyar tuta. Na ce ai ban san irin takalmin da zan yi masa ba. Ta ce riɗi ya yi masa kaɗan, manyan baƙaƙen takalman aiki yake sawa, in raba ƙwayar shinkafa biyu. Na raba, na shafa baƙi. Ta zare zare ɗaya daga bakin koren mayafinta, ta naɗa a kan ɗan guntun waya da kanta. Ta ce ba a cikin tulin yake ajiye nasa ba, can gefen dama, dab da bango, don ya riga kowa fita. Nan ta sa na manna su, ta jingine tutar a kusa.

Muka tsaya mu huɗu muna kallo. Daɗi ya cika ni, na ce wa surukin yanzu zai ga aiki, na miƙa hannu zan kunna jirgin.

Hajiya ta buge mini hannu, da zafi kuwa. "Kai! Wa ya ba ka hannu? Ba ka ga bai fito ba?"

Na janye hannuna. Surukin ya ɗan jira, ya kaɗa makullinsa a hankali, ya ce, "Hajiya, to ko in sauka da jakar?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, idonta yana kan ƙofar masallacin.

"Ka gaida gida," ta ce. "Ni ina nan sai an sallame."