Rabin Darasi a Kaset

Mu huɗu ne wannan magana ta shafa. Akwai ni, wanda a lokacin bai daɗe da kammala digiri a kan harshen Hausa ba. Akwai yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta girme ni da shekara goma sha biyar, tana aure a Shagari. Akwai ɗanta na fari, ɗalibi a aji biyar a makarantar kwana da aka tura ni koyarwa a Boɗinga. Na huɗu shi ne shugaban makarantar, dattijo mai ƙarancin magana, wanda ya san mahaifinmu.

A shekarar ƙarshe ta mulkin farar hula na isa makarantar. Abubuwa sun riga sun tsananta. Sabulu da madara da batir sai an yi layi, su ma ba kullum ake samu ba. Malamin lissafi, wani mutumin Ghana, ya haɗa kayansa a lokacin hutu ya koma ƙasarsu, ba a kuma turo madadinsa ba. Ranar da na kai takardata, shugaban ya duba ta, ya ɗago kai.

"Malam, za ka riƙe mana lissafin aji biyar. Aljabara ce ta rage musu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Hausa na karanta. Rabona da lissafi tun ina sakandare, shi ma da ƙyar na tsallake."

Ya ce, "Digiri dai digiri ne. Masu Hausa muna da biyu. In ka ce ba ka iyawa, sai in rubuta cewa ba mu da gurbinka."

Aljabara ita ce lissafin da ake sa haruffa a madadin adadin da ba a sani ba, a yi ta aiki har a gano shi. Iyakar abin da nake iya tunawa ke nan. Littafi ɗaya ya rage a ɗakin malamai, kuma duk shafin da na buɗa ba na gane komai a cikinsa.

Wani abokin aiki ne ya gaya mini cewa gidan rediyo na watsa darussan lissafi don 'yan sakandare kowace Talata da hantsi. A wannan lokaci kuwa ina cikin aji, ba ni kuma da rediyo. Amma mijin yayata yana da rakoda mai kaset da ya zo da ita daga aikin Hajji. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na hau mota zuwa Shagari, na yi wa yayata bayani a tsakar gida, tana yankan albasa.

Ta yi dariya har ta aje wuƙa. "Auta, kai da kag gama jami'a, rediyo za shi koya maka karatu? To mu da ba mu tai ba hwa?"

Na ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. Ɗanki yana cikin ajin."

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Nuna min inda aka dannawa."

Na nuna mata maɓallan biyu da ake dannawa tare, da wanda ake tsayarwa. Na ƙara da cewa kaset da batir sun yi wuya, saboda haka ta yi tsiminsu, kada ta ɗauki kiɗa ko sanarwa, karatun kawai. Ta maimaita mini umurnin kalma bayan kalma.

Haka muka tsara rayuwarmu. Ita ta ɗauka ran Talata, ni in karɓa ran Juma'a. Asabar da Lahadi in zauna a zauren mijinta, in saurari muryar malamin rediyo, in rubuta kowane mataki. Kowane darasi kimanin minti goma sha biyar ne: bayani, misali biyu ko uku, sai ƙarar wata 'yar ƙararrawa, sai kaset ya yi shiru. Da Turanci yake magana, ni kuma na ɗauki alhakin mayar da bayanin cikin Hausa mai tsabta. A nan kaɗai nake jin ƙafata a ƙasa. Na kira harafin da ake nema "ɓoyayyen adadi". Na kira jimlar lissafi mai gefe biyu "ma'auni", domin abin da aka ɗora a wannan gefe dole a ɗora shi a wancan. Ina iya ɓata rabin yini ina auna kalma ɗaya.

Ran Litinin in shiga aji in rubuta misalan a allo, kamar yadda na ji su. Ban taɓa canza ko lamba ɗaya ba, domin ban san abin da zai faru in na canza ba. Ɗaliban kuwa dukansu sun tashi a makarantar allo, sun san hadda. In karanta, su amsa. Kafin mako ya ƙare suna iya kawo kowane misali da ka, daga farko har amsa, babu tuntuɓe.

Abin da na fi tsoro shi ne hannu a sama. Wata rana ɗan yayata ya ɗaga nasa. A aji ba ya ce mini kawu.

"Malam, in da bakwai ɗin nan tara ce fa, kuma a ƙasa take?"

Na ce, "Ba mu zo wurin ba tukuna. Kada ka riga darasi." Ya sunkuyar da kai, ya ba ni haƙuri. Har yau wannan ban haƙurin yana damuna.

Da sojoji suka karɓi mulki, aka shiga sallamar ma'aikata. Kowane mako sai mu ji an kori wasu saboda rashin cancanta. Wata safiya sufeto ya zo tare da wani soja, suka zauna a bayan ajina. Na ambaci misali na farko, ajin ya ɗauka baki ɗaya, murya ɗaya, har suka kai amsa. Sojan ya gyaɗa kai. Sufeton ya rubuta yabo a littafin baƙi, ya ce a kawo sauran malamai su ga yadda ake horar da yara.

A hutun bazara, saura mako shida a fara jarrabawar ƙarshe, Talata ta same ni a Shagari. Karo na farko ke nan da na zauna kusa da yayata lokacin shirin. Ta wanke hannu, ta share rakodar da gefen zanenta, ta danna maɓallan. Malamin ya yi bayani, ya kawo misalai. Ƙararrawa ta buga. Nan take ta tsayar da kaset, ta kai hannu za ta kashe rediyon.

Na ce, "Dakata, Yaya."

Kiɗa mai sanyi ya tashi. Bayan ɗan lokaci ya yi ƙasa, muryar malamin ta dawo. Ya ce kowa ya ɗauki fensir. Ya karanto tambayoyi biyar, sababbi, ba irin lambobin misalan ba. Ya ce kowa ya yi da kansa, kada malamin aji ya taimaki kowa. Kiɗan ya ci gaba minti biyar. Daga nan ya dawo ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana nuna inda ɗalibai suka saba kuskure da dalilin kuskuren. Shirin rabin awa ne. Wata bakwai ina koyar da rabin farko.

Na zaro biro na gwada tambayoyin a bayan kwalin kaset. Ta farko ta gagare ni. Ta biyu ma haka.

Yayata tana kallona. Ta ce, "Ai kai kac ce kar in ɗauki kiɗi. In ƙararrawa ta buga, kiɗi aka sawa. Auta, na yi ɓanna?"

Na ce, "A'a, Yaya. Yadda na ce kika yi."

"To mi as same ka? Fuskarka ta yi awa toka. Ɗana dai za shi ci ko?"

Na ce, "Da yardar Allah." Ban iya haɗa ido da ita ba.

Ranar da aka koma makaranta na sami shugaban a ofis, na faɗa masa komai, tun daga rakodar har zuwa ƙararrawar. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Malam, sufeto ya rubuta yabo, ni kuma na sa hannu a ƙasa. In wannan magana ta fita, ba kai kaɗai za ta ci ba. Koma aji ka yi abin da za ka iya."

Na yi abin da zan iya. Na roƙi yayata ta riƙa ɗaukar shirin dukansa. Na rubuta sababbin tambayoyi a allo, na ce kowa ya yi da kansa. Ajin da ya saba amsawa da murya ɗaya ya yi tsit. Suka zuba mini ido suna jiran in karanta su maimaita. Ɗan yayata ne ya fara ganewa. Ya dubi allon, ya dube ni, bai ɗaga hannu ba. Mako shida muna laluben abin da ya kamata mu yi a wata bakwai, ni da su, kuma sau da yawa wasunsu suna riga ni isa ga amsa.

Sakamako ya fito bayan damina. Ɗalibai talatin da huɗu suka zauna jarrabawar lissafi. Ashirin da tara suka faɗi. Goma sha ɗaya daga cikinsu, har da ɗan yayata, sun ci duk sauran darussa, lissafi kaɗai ya hana su wucewa gaba. Uku suka sake zama a shekarar da ta biyo. Takwas ba su sake ba, shi ma yana cikinsu.