Shekarar da Bappa Ya Ba Albasa Kanwa

Duk wanda ya san Bappa Altine, ƙanen mahaifina, ya san ba ya shiga garkarsa ta albasa a Dogarawa sai da sandar kiwo a kafaɗa. Fari ya cinye shanunsa kaf, garkar nan kaɗai ta rage masa, amma ya ƙi yarda ya bar kiwo. Kowane fangali da sunan saniya: ga Ja, ga Mai-Ƙaho, ga Gurguwa. In baƙi sunka zo sai ya gabatar musu da su ɗaya-ɗaya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ran kasuwar Konni wani ya taya buhun albasarsa. Bappa ya tambaye shi ko zai riƙe ta amana. Mutumin ya ce miya za a yi da ita. Wallahi Bappa ya saɓa buhunsa munka komo gida!

To, makiyayi kan ba shanu kanwa su lasa don su ji daɗin kiwo. Wata shekara ganye ya ɗan kwanta, Bappa ya ce dabbobi sun rame, ya daka kanwa ya barbaɗe garkar duka. Na yi magana, ya tambaye ni yaushe anka haife ni. Bakin ganye ya ƙone. Ya ƙara taki, shiru.

Malamin gona ya zo, maƙwabta sunka taru. Ya duba farin da ya taso a kan ƙasa, ya ce gishirin kanwa ne ya ture sinadarin fotas da sauran abincin da ƙasa ke riƙe wa saiwa, ya tsaya a bakinta kamar bijimin da ya tare komin cin abincin shanu. Taki na nan, amma albasa da yunwa take kwana.

Ba wanda ya yi dariya. Bappa ya sauke malafarsa ta rufe masa ido, ya ce, "Ashe ni na hana su ci."

Ya daina zuwa majalisa. Ranin nan duka ya ƙare shi yana dakan farin dutsen Malbaza da malamin ya ce a zuba, yana wanke ƙasa da ruwa. Gurguwa kaɗai ta tashi.

Yanzu ni ke ban ruwa a garkar, kuma in ba kowa, nakan kira kowane fangali da sunansa. Allah ya jiƙan Bappa, ya haɗa shi da garkensa inda ba fari, inda kowace saniya ke ƙoshi.