Alkawarin Bakin Rijiya

Zan faɗi abin bi da bi, yadda ya faru. Kafin mulkin kai ina aikin haƙar rijiyoyi a Salaga, ƙarƙashin wani Bature gajere mai jan gemu. Ba ya son a ce masa Baturen Ingila. Yakan ce shi mutumin Wales ne, suna da yarensu dabam, kuma da shi yake waƙa in aiki ya yi kyau. Wata rana da hantsi gefen rijiya ya rufto mini har ƙirji. Abokan aikina suna sama suna salati. Baturen ne ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya sauka, ya yi ta tonon ƙasa da hannu har ya zaro ni.

Da na warke na je yi masa godiya a gaban ma'aikata. Na tambayi sunansa na gida, ba wanda ake kiransa da shi a ofis ba. Ya ce Gwilim, sunan kakansa ne, wani makiyayin tumaki, kuma tun da shi bai haihu ba, a kansa sunan zai ƙare. Na ce in Allah ya ba ni ɗa namiji, zai ɗauki sunan nan. Ya yi dariya. Ni ban yi ba, don ban saba faɗin magana in janye ta ba.

Bayan haka ya koma ƙasarsu, aka mai da ni Bawku, na yi aure. Matata 'yar Yendi ce kamar ni. Can ta tafi goyon ciki, can ta sauka, aka aiko cewa namiji ne. Na hau motar albasa, raina ba daɗi duk tsawon hanya. Mahaifina malami ne mai karantarwa a zaure, kuma a gidanmu ba a taɓa sa sunan da ba na annabi ko sahabi ba. Ga shi biyu daga cikin ma'aikatan da suka ji alkawarina suna zaune a zangon Yendi, za su zo suna.

Da na isa na gai da mahaifina, sannan na ce, "Allah gafarta Malam, akwai alkawari a kaina." Na ba shi labarin daga farko.

Ya ce, "Sunan gunki ne?"

Na ce, "A'a Baba, sunan makiyayi ne."

"Ko na sarki ne, ba zan yanka rago a kansa ba. Na riga na yi wa yaron huɗuba da sunan mahaifina."

Ban yi musu ba, ba a yi wa uba musu a gidanmu. Na zauna ina kallon tabarma, ina tunanin yadda zan haɗa ido da mutanen nan biyu.

Gwaggo, yayar mahaifina, tana bakin ƙofa tana ware goron suna, ta ji komai. Ta ce, "Malam, to da me za mu riƙa kiransa? Ni dai ba zan tsaya tsakar gida in kama sunan ubana in ce ya zo a share masa majina ba. Kai za ka iya?"

Ya ce, "A ce masa Abba, yadda aka saba."

"Abba nawa ke gidan nan? Duk 'ya'yanka sunan tsohon nan suka sa. Jiya na ce Abba, uku suka taso, babu wanda nake nema a ciki. Babangida an ɗauka, Baba Ƙarami an ɗauka." Ta juyo gare ni. "Kai ɗan nan, sake faɗin sunan Baturen naka."

Na ce, "Gwilim."

"Gwilimu. Bai fi ƙarfin bakina ba, ni da ba haƙora."

Mahaifina ya daɗe yana jan casbi. Sannan ya tambaye ni, "Da kansa ya sauka cikin rijiyar?"

"Da kansa, Baba."

Ya ce, "Sunan da za a yanka rago a kansa ba zai canza ba, da shi za a kira shi gaban Ubangiji. Wanda za ku kira shi ya zo cin tuwo kuwa, wannan naku ne."

Ranar suna komai ya tafi bisa tsari. Liman ya raɗa sunan kakana, aka yi addu'a, aka yanka rago, aka raba goro, wanzami ya yi aski. Sannan Gwaggo ta aiko da jaririn zaure a cikin zane, ta ɗaga murya daga bayan ƙofa ta ce a riƙe mata Gwilimu da kyau, kar a bar kansa a iska. Ma'aikatan nan biyu suka dubi juna. Ɗayansu ya miƙo mini hannu. Sai a lokacin na ji yunwa, na ci tuwo malmala biyu.

Mahaifina ya yi shekaru yana ce wa yaron "mai sunan tsoho". Yaron ya fara gudu sosai lokacin da muka zo sallah daga Bawku. Ina ɗaure ragon layya a bayan zaure na ji muryar Malam daga ciki yana cewa, "Gwilimu, kawo mini buta." Yaron ya kai masa.