Kunya Ta Kai Ni Dutsin-Ma

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da uwargida, da damin itace biyu da buhun ganyen darbejiya. Daga nan Kurfi, Dutsin-Ma muka nufa, kuma ba yawon shan iska ya fitar da mu ba.

Ɗiyata ta fari ce ta haihu can inda take aure, kwana huɗu ba wanda ya ji muryarta. Na kira mijinta a waya. Shi kunyar suruki ta hana shi yi mani bayani, ni kuma kunyar 'yar fari ta hana ni tambaya, tunda ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Na ce, "Ya mutanen gidan?" Ya ce, "Da sauƙi, Baba." To ni na san da sauƙin Bahaushe. Ranar da yayana zai rasu, da safe da sauƙi aka ce mani.

A tasha direba ya dubi kayanmu ya ce, "Baba, ƙaura za ku yi?" Uwargida ta ce na wankan jego ne. Ya ce to itacen ma fasinja ne, a biya mashi kujera. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, aka kuma cusa mu huɗu a baya, ƙafata mai ciwo bisa buhun wani. Hanya ba laifi, sai 'yan ramuka da shingen jami'an tsaro. Gero ya yi kai gwanin sha'awa dama da hagu, amma ban iya yaba gonar kowa ba. Carbi nake ja, in ɓace in sake daga farko.

Dutsin-Ma ta girma ta bar ni. Gidajen haya ko'ina, ɗaliban jami'a kowa da waya a kunne. Na yi ƙoƙarin karanta allunan shaguna, ni da na tsere daga aji uku, kafin in haɗa baƙi biyu mun wuce. Ƙosansu kuwa kamar da cokalin shayi ake zubawa. Na saya, ya ƙi wuce mani.

Da muka isa uwargida ta shige ciki, ni aka shimfiɗa mani tabarma a ƙofar gida. Surukina ya durƙusa ya shiga gaisuwa: gajiya, damina, iyali, har awaki sai da ya tambaya. Ina amsawa, kunnena na cikin gida ko zan ji kukan mata.

Can sai ga wata doguwar mata mai gilashi ta fito da kular abinci. Ashe ƙawar ɗiyata ce, malamar firamare, ɗakinsu na kallon juna. Ta ce, "Baba, kai ne mahaifin..." ta rangaɗa sunan nan gaba ɗaya. Na waiga baya kamar da wani take.

Ta dubi surukina ta ce, "Malam, halan ba ka faɗa mashi ba? Kai dai da nauyin baki! Baba, tiyata aka yi mata. Ta zubar da jini, wannan da ke sunkuye shi ya ba da nashi, har jiri ya kwashe shi bisa benci. Ni na yi jinyarta. Jiya aka sallamo mu, yanzu haka kwano na biyu take ci. Taso ka gani."

Na ce, "A'a 'yar nan, ba a haka."

Ta ce, "A Kurfi ne ba a yi. Nan gidan haya ne, taso."

Jama'a, na tashi. Ga ɗiyata zaune da cokali a hannu. Tana ganina ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya, ta ce, "Baba, sannu da hanya." Muryar nan kaɗai ta sa na zauna ba tare da an ce in zauna ba. Malama ta ɗora mani jaririya a cinya, mai hanci irin nawa, Allah ya ba ta haƙuri. Idona ya kawo ruwa, na ce hayaƙi ne. Malama ta ce, "Baba, da gas muke girki."

Wankan jego kuwa likita ya hana sai ɗinki ya warke. Uwargida da malama suka ɗan taɓa muhawara, daga ƙarshe suka shirya kan farfesun kaza. Uwargida ta ce ba ta motsawa sai an yi arba'in.

Bayan la'asar na kamo hanya ni kaɗai. Na ci soyayyen kifin dam har biyu a tasha, na yi barci a mota, sai da direba ya taɓa ni ya ce mun iso Kurfi.

Abin da na koyo, kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba, amma ta hana mu barci kwana huɗu ni da surukina, yaron kirki. Wanda duk zai kai ɗiyarshi aure birni, ya roƙa mata miji nagari, ya ƙara da ƙawa marar nauyin baki. Ni dai na karɓo lambar malama.