Zakaran da Ya Taka

Da na bar zakaran nan ya mutu, da Baba ya rayu? Na tsufa, idona ya dushe, bara na rasa mijina, amma har yau ban sami amsar da za ta zauna mini a zuciya ba.

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Illela, a kakar shekarar da Turawa suka sa aka share hanya daga Sakkwato zuwa Ƙonni. Ban san shekaruna ba a lokacin, na dai isa ɗaukar ƙaramin tulu amma ban isa daka ba. Mahaifina Ummaru mai jakuna ne, yana saro bandar kifi a Kalmalo ya kai Ƙonni, ya komo da gishiri da kanwa. Da hantsi yana kora jakunansa zuwa kasuwa, ina biye da ƙwaryar fura a ka, sai muka ji wata ƙara daga kudu kamar hadari ya sauko ƙasa yana gudu. Mutane suka watse cikin gonaki. Wani Bature ne a kan babur, abin da ba mu taɓa gani ba. Jakin gaba ya firgita ya gitta hanya, Baba ya bi shi don ya tare, babur ɗin ya shiga rairayi ya kwanta, ya ja har ya danne masa ƙafar dama. Har yanzu ina ganin kifin warwatse a ƙasa, da furata da ta zube, da tayar baya tana ta juyawa ita kaɗai a iska. Baturen ya tashi da jini a hannu, ya cire hularsa, yana ta magana ba mai jin abin da yake cewa.

A kan ƙyauren kara aka kawo Baba gida. Ƙashin ƙaurinsa ya karye har ya huda fata. Aka aika ƙauyen Araba aka kira Jaɗi maɗori, wani tsoho mai manyan hannuwa wanda ba ya dariya. Maza suka riƙe Baba, ya ja ƙafar ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Daga nan ya ce a kawo zakara. Aka kamo jan zakaranmu daga ƙarƙashin rumbu, ya karya masa ƙafar dama a gabanmu, ƙas, ya ɗora ta da tsinke kamar yadda ya ɗora ta Baba, ya yi musu tofi ɗaya. Haka al'adar gidansu take. Ya ce kada wani hannu ya taɓa ɗorin nan sai zakara ya taka, kuma ranar da ya taka mai gida ma zai taka. In kuwa zakaran ya mutu, to ɗori bai kama ba, ya cire hannunsa, mu nemi magani inda muka ga dama. Ya dubi yaran gida ya nuna ni da baki. "Ke, ɗiyar ga, mi sunanki?" Na ce Kulu. Ya ce, "To Kulu, ƙahwar ubanki ce na ba ki."

Ba a daɗe ba sai ga masinja da jar hula ya yi sallama a zaure, inda aka kwantar da Baba. Ya ce Baturen ne ya aiko shi. A ɗauki Baba a kai shi Sakkwato wurin likita, in likita ya duba ƙafar ya shaida, za a biya diyya ta hannun alƙali. Inna tana bayan zana tana saurare, ta aiko ni in gaya wa Baba ya yarda. Baba ya ƙi. Ana ta faɗa a gari cewa likitan Turawa yanke ƙafa yake yi, kuma kwance ɗorin Jaɗi kafin lokaci cin fuska ne da ba wanda ya taɓa yi. Ya ce wa masinja, "Ka gai da shi. Zakara na takawa zan tahi da ƙahwata in amshi abina." Masinja ya ce, "Zakara kuma, Malam?" Maza a zaure suka yi dariya, har da Baba.

Daga ranar na bar komai. Ƙawayena suna kirana gaɗa a dandali ban fita, suna 'yar carafke a gindin tsamiya ban leƙa ba. Na yi wa zakaran shimfiɗar ƙaiƙayi a cikin wani tsohon kwando. Da safe in ɗauki fasasshiyar tukunya in tafi bayan gari in tono masa gara, in tsince masa tsaki daga bakin turmin Inna, in ba shi ruwa a sakaina. In rana ta yi zafi in kai shi inuwar rumbu, in shirwa ta gitta in kifa masa jikina. Bafulatanar da ke kawo mana man shanun ɗori takan tsokane ni ta ce, "Amaryar zakara, ina angon naki?" Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba. Duk ƙwayar da ya haɗiye gani nake a cikin Baba ta sauka.

Zakara ya yi ta ƙiba, tukkunsa ya yi ja. Baba kuwa ya fara ramewa. Ya daina cin tuwo, sai kunu. Zazzaɓi ya riƙa zuwa masa da la'asar, yatsun ƙafar suka kumbura suka yi baƙi, wani wari ya cika ɗakin, Inna tana ta turare amma ƙudaje ba su bar bakin ƙofa ba. Jaɗi ya zo ya duba zakara tukuna, ya matsa ƙafarsa, ya ce aiki yana kyau.

Wata rana da azahar Inna tana surfe, ina zaune da kwandona kusa da ita. Ta tsai da taɓarya ta daɗe tana kallon zakaran. Sai ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Kulu, da kin ɗan sassauta ma zakaran ga. Tahi ki yi wasa, ki bar shi nan rana." Na ɗauka tausayina take ji. Na ce, "A'a Inna, ban gaji ba." Na rungume kwandon na koma inuwa. Ta ci gaba da surfe tana share ido da gefen zane. Sai da na yi aure na haihu na gane abin da take roƙona. Ita ba ta iya kashe shi da hannunta, don duk gari zai ce ta kashe mijinta. Amma da ya mutu a hannun yarinya, Jaɗi zai cire hannunsa, a ɗauki Baba a kai Sakkwato.

Zakaran ya taka wata safiya, Baba ya rasu kafin la'asar ɗin ranar.

Bayan sadakar bakwai ƙanin Baba ya bi maganar diyya. Aka ce masa Baturen an mai da shi wata ƙasa, kuma tun da likita bai ga ƙafar ba, babu shaidar cewa babur ne ya yi kisan. Ya komo hannu wofi. Aka sai da jakunan muka ci. Zakaran kuwa aka rasa mai yanka shi. Ya daɗe a gidanmu yana yawo ko ɗingishi babu, kullum da asuba ya hau kan rumbu ya yi cara, Inna ta juya fuska bango.

Mijina Garba kaɗai na taɓa ba wannan labari. Duk zamanmu bai bar zakara ya kwana a gidanmu ba, kaji mata kawai muke kiwo, maƙwabta suna yi masa ba'a bai taɓa faɗa musu dalili ba. In tambayar ta taso mini yakan ce, "Kulu, ajali ne, kwanta." Ba amsa ba ce, amma ina samun barci da ita. Tun da ya tafi ba mai faɗa mini, kuma wallahi kullum sai na yi kuka.

Yanzu babura sun fi jakuna yawa a Illela. Kwanan baya jikana mai kabu-kabu ya faɗi da babur a hanyar Ƙonni, ya karye a ƙafar dama shi ma. Kafin in ji labari har an kai shi asibiti an ɗauki hoton ƙashin. Yana nan yana dogara sanda, yana ta faɗa da mutanen inshora a kan takardu, yau su ce kawo wannan gobe su ce kawo wancan. In ya zo yana ƙorafi sai in bar shi ya yi ta yi, don daɗin muryarsa nake ji. Ba a ɗora wa wata yarinya ƙafarsa ba, na gode wa Allah.

Amma in na rufe ido, safiyar nan nake komawa. Na kwance tsinken, zakara ya miƙe ya taka, na ɗauke shi da gudu na shiga ɗakin Baba na sauke shi a gaban tabarma. Ya yi tafiyarsa har bakin ƙofa. Baba ya ɗago kai da ƙyar, leɓensa a bushe, ya bi shi da ido, ya yi murmushi. Ya ɗora hannunsa mai zafi a kaina.

"Madalla, Kulu, kin yi naki. Tahi ki aje mini takalmana bakin ƙohwa."