Molupe Ya Ajiye Bargo

Ranar da injin tsaga katako ya cinye bargon Ntate Molupe, wato Baba Molupe a yarenmu, Maseru ta wayi gari da wani sanyi mai shiga ƙashi. Ruwa ya daskare a bakin famfo, ciyawar gefen titi ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gishiri, duwatsun gabas kuwa duk sun naɗa rawanin dusar ƙanƙara. Watan Yuni ne, tsakiyar sanyinmu. Kowa ya fito hannuwa a hammata, baki yana hayaƙi.

Molupe ya haura sittin a lokacin. Mutumin Mokhotlong ne, can ƙololuwar duwatsu, inda ya tashi yana kiwon tumakin mahaifinsa. Da ya zama saurayi ya bi sa'o'insa zuwa ramin zinariya a Welkom, ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙasa, ya dawo da akwatin ƙarfe da wani tari da ba ya jin magani. Tumakin kuwa, fari ya ɗauki rabonsa, ɓarayi suka kwashe saura. Shi ya sa ya sauko birni da matarsa 'Matumelo, suka kama ɗaki a unguwar Ha Thamae, ya sami aiki a wurin sayar da katako na Ntate Mahase. Aikinsa ya tsaya a bayan inji, in katako ya fito daga bakin zarto ya karɓa ya jera. Ba wani abin kirki ake samu ba, amma shi ke ɗora tukunya a wuta, shi ke hana mai gidan haya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Bargon na mahaifinsa ne, na ulu zalla, ruwan toka, da zanen zangarniyar masara. Molupe yakan yafa shi yadda maza ke yi, ya soke shi da ƙaton fil a kafaɗar dama, ratsinsa a tsaye daga sama zuwa ƙasa. A rami ne kawai ya taɓa rabuwa da bargo, can kuwa zafi ake fama da shi, ba mai neman mayafi.

To, a safiyar nan ya sunkuya zai ɗauki katako, iska ta kaɗa gefen bargon, bel ɗin inji ya cafke. Kafin ya ankara an fizge shi baya. Allah ya taimaka fil ɗin ya miƙe ya saki, bargon ya zame daga wuyansa ya shige inji, injin ya yi gurnani ya shaƙe. Da aka kashe aka zaro, sai tsummoki. Yanki ɗaya ne ya tsira, bai wuce faɗin faifai biyu ba. Molupe ya ɗauka, ya kakkaɓe masa dusar katako, ya ninke ya cusa a aljihu.

Ntate Mahase ya fito daga ofis da sauri. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon wuyan Molupe inda bargon ya bar jan zane, sannan ya ce, "Ntate, ba ka taɓa yi mini wasa da aiki ba, na sani. Amma daga yau bargo ba zai ƙara matsowa kusa da injina ba. Ko ka zo da riga mai hannu, ko ka zauna gida sai sanyi ya wuce. Kuma ba zan yaudare ka ba, gurbin ba zai jira ka ba."

Molupe yana da wani bargon na zuwa coci, amma tun da bargo aka hana, wannan ma ba shi da amfani a can. Sai ya riƙa zuwa da rigar aiki da wata tsohuwar suwaita a ciki. Rumfar injin ba ta da bango, iska na ratsa ta daga ko'ina. Ba a daɗe ba tarin ya taso gadan-gadan, har yana tsayawa ya dafa katako kafin numfashi ya dawo. 'Matumelo ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Nas ɗin da ta saurari ƙirjinsa ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa huhun da ƙurar rami ta riga ta ci ba ya iya ɗaukar sanyin bana a haka. Ko ya rufe jikinsa da kyau, ko kuwa gado ya karɓe shi.

Ranar Asabar suka nufi masu gwanjo na bakin tashar mota. 'Matumelo ta san wata mai suna Mookho, wadda ke kwance dilar rigunan sanyi, mace mai faɗin baki da saurin dariya. Mookho ta gaishe su, ta share wa 'Matumelo benci, ta shiga zaro riguna masu kumburi tana miƙa wa tsohon.

Molupe bai taɓa sayen rigar sanyi ba, bargo ya iya saye. Don haka ya yi musu yadda ake yi wa bargo. Ya ɗora kowace a tafin hannu ya auna nauyinta, ya goga a kumatu, ya shinshina ko zai ji warin tunkiya. Duk ba nauyi, duk ba wari. Abin da ya fi damunsa ma shi ne ɗinkinsu, layi-layi a kwance sun kewaye jiki kamar igiyar dami. Duk wadda ya ɗaga sai ya girgiza kai ya ajiye. Da Mookho ta gaji ta tambayi laifinsu, ya ce ratsinsu a kwance yake, shi kuwa tun yana yaro aka gaya masa ba a yafa ratsi a kwance, yana danne mutum ya hana shi girma.

Mookho ta dube shi daga hula har takalmin roba. Ta ce, "Baba, wane tsawo kuma ya rage maka da kake yi masa tanadi?"

"Ba jiki kaɗai ke tsawo ba, 'yata. Arziki ma miƙewa yake yi."

'Matumelo ta gyara zama ta ce, "Wanda ka tara da ratsi a tsaye, a ina ka ajiye shi? Faɗa mini in je in ɗebo mana."

Matan da ke rumfunan kusa suka kwashe da dariya. Molupe ya saba da bakin matarsa. Ya ci gaba da tonon kaya har ya zaro wani ƙaton kwat baƙi na ulu, mai nauyi kamar buhun masara. Fuskarsa ta washe, ya ce wannan ita ce riga. Mookho ta karɓe ta buɗe masa ita a iska. Ta nuna masa yadda gabanta ke lilo, da yadda hannuwan suka buɗe kamar bakin ƙwarya. Ta ce wannan ai bargo ne aka yi wa hannu, injin da ya ci na fari zai ci wannan ya sha ruwa. In yayyafi ya taɓa ta kuma, sai ta yi kwanaki tana riƙe da sanyin a ƙirjinsa.

Daga nan ta shiga can ƙuryar rumfa ta fito da wata, koriya mai duhu, doguwa har gwiwa, da hula a haɗe mai gashi a baki. Wajenta sumul, ɗinkin da ake gani duk daga kafaɗa yake sauka ƙasa. Molupe ya auna ta a hannu ya taɓe baki, ya ce wannan iska aka kama aka ɗinke. Mookho ta ce gashin agwagwa ne a ciki, ko ya taɓa ganin agwagwa tana rawar ɗari a kan ruwa? Ta sa shi ya saka a kan suwaitarsa, ta ja zif har haɓa. Ta ce ya ɗaga hannuwa sama, ya sunkuya kamar zai ɗauki katako, ya juya dama da hagu. Ba abin da ya ɗame shi, ba abin da ya yi lilo. Bakin hannun ya kama wuyan hannunsa tsam, ga igiya a ƙugu da ake ja a hana iska hawowa ta ƙasa. Sannan ta nuna masa wani lungu tsakanin rumfuna biyu inda iska ke busowa kamar wuƙa, ta ce ya je ya tsaya can sai an kira shi.

Ya je ya tsaya. Matan suka sayi fanke mai zafi suka shiga hira, suka manta da shi da gangan. Da suka waiwaya, ga shi ya ture hular baya, ya sassauta zif, goshinsa na naso. Sai ya sa hannu a aljihu, 'Matumelo ta gane ciniki ya faɗa.

Lokacin da take ninke rigar, ta leƙa cikinta ta ga shafin ciki duk ɗinki ne a kwance, layi bisa layi. Ta dubi Mookho, Mookho ta dubi sama. 'Matumelo ta ja zif ta rufe. Mookho ta raka su da gargaɗi ɗaya, ta ce rigar nan ba ta tsoron iska, ba ta tsoron ruwa, amma ba ta ga maciji da wuta. Molupe ya gyaɗa kai, hankalinsa na kan shafa ɗinkin kafaɗa.

Makonni suka shige lafiya. Tarin ya lafa, Ntate Mahase ya gani ya yaba. Tlali, mai tura katako cikin zarto, ya laƙaba masa suna Baturen Mokhotlong, kullum da safe sai ya sara masa ya tambaye shi yaushe jirginsa zai tashi. Molupe yakan ce sai ya gama koya wa Tlali tsaga katako a miƙe, wato ba rana.

Amma sabo turken wawa. Da hantsi in an tsaya shan shayi, ma'aikata sukan kewaye garwa mai huji-huji cike da garwashi. Makiyayi in ya sami wuta, baya yake juya mata ya tsuguna daf da ita, don bargon ulu ba ya kamawa da wuri. In zafi ya yi yawa sai ya yi ƙauri, mutum ya matsa. Haka Molupe ya yi tun yana ɗan yaro. Wata safiya da aka kwana ana zuba ƙanƙara, ya karɓi kofinsa, ya juya wa garwar baya, ya tsuguna, yana jiran ƙaurin da zai gaya masa ya isa. Rigar ba ta yi ƙauri ba. Narkewa ta yi shiru, kamar man shanu a kasko.

Tlali ne ya fara ganin farin gashi na tashi sama yana sauka a kofunan mutane. Ya ce, "Tsoho, kaza ake figa a nan, ko kai ne ka fara fiffike?"

Suka ja shi gefe suka kashe wutar da hannu. Fatarsa ba ta ƙone ba, amma bayan rigar ya ɓule, rami ya fi tafin hannu biyu, gashi na zuba duk inda ya juya. Dariyar ba ta daɗe ba, don kowa ya san abin da ke ƙirjin tsohon, kuma Yuli ko rabi bai yi ba. Tlali da kansa ya bi gashin yana tsinta yana tarawa a leda. Ntate Mahase ya zo ya duba, ya ce da wannan ɓaraka da zare-zaren da ke reto ba zai bar shi kusa da bel ba. Ya ce ya je gida, ran Litinin a ga abin da ya samu.

A gida Molupe ya shimfiɗa rigar a tabarma. Ta cikin ramin ya hango shafin ciki, ya ƙura masa ido, ya ɗora yatsa a kan layukan. Ya ce, "Ga shi nan. A kwance. Kin gani tun a kasuwa, ko?"

"Na gani," in ji 'Matumelo. "Ratsin ne ya ce ka zauna a kan wuta?"

Sayen wata ba ya cikin lissafi, su biyun sun sani. Can sai ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya ɗauko yankin bargon mahaifinsa, ya ajiye a gabanta.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta zauna a bakin ƙofa inda rana ke bugawa. Ta datse gefen da ya ƙone ya ƙandare, ta mayar da gashin da Tlali ya tsinto, inda bai cika ba ta ƙara da ulun tunkiya da wata maƙwabciya ta ba ta. Ta ɗora yankin bargon a kai, ta lanƙwasa bakinsa ciki, ta bi shi da ƙananan ɗinki sau biyu har ba inda farce zai shiga. Molupe na gefe yana kallo. Sau ɗaya ya sa hannu a aikin, da za ta fara, ya miƙa hannu ya juya yankin don ratsin ya tsaya. Ta harare shi, amma ta bar shi a haka.

Ran Litinin Ntate Mahase ya sa shi ya juya, ya ja facin ta kowace kusurwa, ya nemi zare ɗaya mai reto bai samu ba. Ya ce ya koma bakin aikinsa. Tlali ya ce yanzu dai Bature ne ta gaba, ɗan Mokhotlong ta baya. Molupe ya ce gara shi, ana gane ƙasarsu ko ta baya.

Ya ƙarasa sanyin shekarar a tsaye, bai kwanta ko sau ɗaya ba. Tarin bai rabu da shi ba, amma ya koma na safe kawai. Yanzu in an kewaye garwa, gaba yake ba ta, daga nesa, ya miƙa tafin hannu. Bargon coci na nan, ranar Lahadi shi yake yafawa da fil a kafaɗar dama.

Har yau yana wurin Ntate Mahase, a bayan inji, yana karɓar katako. Rigar ta ga sanyi uku, zif ɗinta ya fara gardama, facin kuwa ko zare bai saki ba.