Matar da Ta Sa Indo Ta Sake Ɗaga Hannu

Kafin a buɗe ɗakin shan magani na Abakpa, Mama Rifkatu ta riga ta ɗora ruwa, ta tafasa almakashi, ta yayyanka auduga ta jera a tire. Aikinta wankin ciwo. Tun kafin yaƙin basasa take yinsa, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye. Ba wanda ya taɓa ganin ta toshe hanci a gaban majinyaci.

Indo ta Unguwar Shanu shaida ce. Tana makarantar horon malamai maruru ya addabe ta a hammata da matsematsi. Wannan ya fashe ya bar tabo, wani ya taso a gefensa. Wanzami ya yi mata sakiya, wurin ya ƙara rami. 'Yan ɗakin kwanansu suka ware mata bokiti, wai ƙazanta ce. Yarinyar da ta fi kowa amsa tambaya a aji ta daina ɗaga hannu, don mugunya na ɓata mata farar riga. Da aka yi hutu ta ce ita da makaranta har abada.

Uwarta, Mairo, ta ja ta zuwa Abakpa. Mama Rifkatu ta duba a tsanake, ta ce ta sha ganin irinsa: ba ƙazanta ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa. Da ƙafarta ta raka su wurin likita. Likita ya ce ciwon fata ne mai tafiya ya dawo, ya rubuta magani, ya hana sakiya da matsawa. Sauran aikin Mama ta ɗauka. Ta gasa wurin da ruwan ɗumi, ta wanke, ta ɗinka mata ƙyallaye masu taushi na sawa a ƙarƙashin riga.

Indo ta tambayi ranar warkewa.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yata, zai dawo," in ji Mama. "In ya dawo, ki zo. Amma makaranta za ki koma. Hammatar ce ke ciwo, ko har da kan?"

Ya kuwa dawo, ba sau ɗaya ba. Da ƙyalle a hammata Indo ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ta kuma wuce masu ware mata bokiti.

Mama Rifkatu, ke ce ruwan ɗumi a kan miki. Ba ki yi alkawarin da ya fi ƙarfinki ba, wanda kika yi kuwa kin cika. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku da ke da mai irin wannan ciwo a gida, ku daina kawar da kai, ku raka ta asibiti yadda Mama ta yi. Mai shakka ya leƙa ajin Malama Indo da safe. Daga can saman allo take fara rubutu, hannu a miƙe.